Hannun da Injin Alhaji Maliki Ya Ci

Illela,
9 ga Janairu, 1984

Zuwa ga taubashina Mukhtari,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wagga takarda ta same ka lahiya, kai da Jamilatu da yara. Mu nan sai godiya. Ramatu na gaishe ka. Goggo Kubra ƙafa ta matsa mata bana, amma tana fita har kasuwa, ita ce ma ta ba ni adireshinka. Ta ce in tuna maka kakarka da kakana ciki ɗaya sunka fito, don kada ka ce ba ka san mai rubutu ba.

Ka yi haƙuri da rubutun. Da hagu nake yi. Na dama babu shi.

Ka san Alhaji Maliki ya kafa injin yin leda bayan tashar mota. Ni ne mai tsayawa gabansa tun ran da anka buɗe. Leda na warwarowa daga nadi, rola biyu su jawo ta daidai tsawon jaka guda su tsaya, wuƙa mai zafi ta sauko ta yanke ta liƙe gindin. Bisa wuƙar akwai murfin ƙarfe, in ka ɗaga shi injin ya mutu. To leda na yawan cushewa, kowace cushewa sai an kashe an tada, Alhaji ya ce ana ɓata masa yini. Ya sa anka kwance murfin anka kai sito, anka ɗaura wata waya cikin akwatin wuta don injin ya ɗauka murfin na nan. Daga nan da hannu muke zare leda injin na aiki.

Tun damina moton da ke juya rolar ya ɗauki wani hali. Ya tsaya lahiya lau, can sai ya fizga shi kaɗai. Na gaya ma Alhaji ba sau ɗaya ba. Ya ce in na gaji in faɗa, masu son aikin sun cika tasha. Ƙarshen Oktoba na sa hannu in zare leda, ya fizga. Rola ta ja ni, wuƙa ta sauko. Sakkwato anka kai ni, can likitoci sunka ƙarasa abin da ya rage daga wuyan hannu. Na'urar da ke sarrafa moton ita ma ta ƙone ranar, injin na nan kwance har yau.

Hannu, Mukhtari, na bar ma Allah. Ga abin da ban bari ba. Ina gadon asibiti Alhaji ya maida murfin wurinsa, ya tara mutane ya nuna musu, ya je zauren Liman ya rantse murfin na nan ranar, wai ni na sha ƙwaya na cusa hannu ta ƙarƙashi. Ni da nake kiran salla masallacin unguwarmu tun gemuna bai fito ba! Na dawo na tarar an ba wani. Liman kuwa ya daina kallon idona. Abokan aikina sun san gaskiya, amma kowa na da bakunan da yake ciyarwa. Ɗiyata Hindatu ta dawo makaranta tana kuka, wai ana kiranta ɗiyar ɗan ƙwaya.

Yanzu na ji Alhaji na neman wanda zai zaɓo masa sabuwar na'ura ya haɗa ta, an ce masa babu kamar wani ɗan Illela da ke aikin wuta a masaƙa Kaduna. Kai ke nan. Bai san mun haɗa jini ba. Ka karɓa. Ka zaɓo masa wadda za ta ci moton da akwatin da janareton gaba ɗaya, ta bar shi tsugune bisa toka. Ban taɓa roƙonka komai ba tun da muke.

Naka,
Maccido

*

Kaduna,
2 ga Fabrairu, 1984

Taubashina Maccido,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, Jamilatu na yi maka jaje, ta ce a gaida Ramatu da Hindatu. Ka ce wa Goggo ta riƙa gasa ƙafar da ruwan ɗumi, zan aiko mata da man zafi.

A ƙofar masaƙa na karanta takardarka, a tsaye. Ranar ban iya cin abinci ba. Hannun nan shi ya tallabe ni a tafkin Kalmalo lokacin da kake koya mini iyo, ina shan ruwa kana dariya. Allah ya sa kaffara ne.

Bari in gaya maka abin da ya same ka, don ka sani ko da kowa bai sani ba. Na'urar da ta ƙone ita muke kira sarbo. Ita ke riƙe da linzamin moto, ta ce masa ja, ta ce masa tsaya. A bayan moton akwai wani ɗan ƙaramin abu da ke sanar da ita irin gudun da yake yi. In wayarsa ta yi sako-sako, sarbo sai ta ɗauka moton ya ƙi motsi, ta juye masa duk ƙarfin da take da shi. Fizgar da kake gani ke nan. Waya ce ta saki, ba ƙwaya ba. Kuma da murfin na wurinsa, ko ya fizga sau ɗari ba zai same ka ba.

Ɗan aiken Alhaji ya zo shekaranjiya, na karɓi aikin. Ba a zaɓen sarbo da ka, sai an san moton da za ta ɗauka. Ka rubuto mini duk abin da ka tuna na rubutun da ke jikin moton, da inda aka sayo injin, da yadda wutar janaretonsu take, ko tana tsayawa daram ko tana hawa da sauka.

Na yi maka alkawari, injin nan ba zai ƙara tashi yadda ya saba ba. Amma ka rufe bakinka, ko Ramatu kada ta ji mun yi wannan magana.

Wani direban albasa zai kawo maka wannan, ya ce ya san gidanku.

Naka,
Mukhtari

*

Illela,
6 ga Maris, 1984

Taubashina na kaina,

Sallama da gaisuwa. Muna lahiya, dungun ya bushe sarai, sai dai yakan yi mini ƙaiƙayi a yatsun da babu su. Goggo ta ga man zafi, tana sa maka albarka.

Direban ya ajiye takardarka ƙarƙashin kujera har baƙin mai ya ci wani wuri kusa da ƙarshe. Ba komai, abin da nake nema na gani da idona: injin ga ba zai ƙara tashi ba. Layin da ke biye ya tahi duka, na san gaisuwa ce. Mukhtari, tun da na baro asibiti ban yi barci irin na ranar ba. Ashe ina da ɗan'uwa.

Ga abin da ka tambaya. Injin daga ƙasar Faransa yake, ta Ƙonni, can ƙetaren iyaka, ya shigo, rubutun jikinsa duk Faransanci ne. Na kwafe maka lambobin da na tuna a bayan takardar ga. Wutar janareto kuwa ba ta da alƙibla, in anka tada injin narka roba sai ka ga ƙwan lantarki ya yi ja awa garwashi.

Ba zan ɓoye maka ba, na kasa riƙewa. Ran kasuwa ina teburin mai shayi, Alhaji ya wuce cikin motarsa, wani ya ce injin ya kusa tashi, an samo gwani daga Kaduna. Na ce, "Gwanin ɗan'uwana ne. Ku jira ku gani, wanga injin da ya ci nama ba zai ƙara cin leda ba." Da ka ga yadda sunka zuba mini ido! Wanda anka ba kiran sallata ma yana wurin, kofinsa ya tsaya tsakanin tebur da baki.

Ina so in ga ran da zai sai da motar ga. Ina so in gan shi bisa tabarma yana kasa albasa, in zo in tsaya kansa in taya da hagu. Kowa ya ci tuwo da ni miya ya sha. Yaushe za ka zo? Ramatu ta ware maka zabi biyu.

Naka har abada,
Maccido

*

Kaduna,
29 ga Afrilu, 1984

Maccido,

Ina fatan kuna lafiya. Mu ma haka, sai ƙaramin yaron da ya yi ƙyanda, ya warke.

Me ka yi mini haka? Abin da na rubuta shi ne injin ba zai ƙara tashi yadda ya saba ba. Layin da ka ce gaisuwa ce kuwa cewa na yi ka rufe bakinka! Maganarka ta teburin shayi ta riga takardarka isowa Kaduna. Alhaji da kansa ya zo ya same ni a masaƙa, ya ce, "An ce kai ɗan'uwan Maccido ne, za ka ƙona mini inji." Na ce masa dangi ne na nesa, rabona da kai shekara da shekaru, ni sana'ata nake karewa. Ya daɗe yana kallona. Ya ce to, amma in na zo Illela a gidansa zan sauka, kuma in ƙafata ta taka ƙofarka aikin ya mutu. Saboda haka in ka gan ni a gari na ɗauke kai, ka san dalili.

Ga kuma wata. Sarbon da na fara zaɓa 'yar gida ɗaya ce da moton, an kawo ta har Ƙonni, sai aka rufe iyaka makon nan. Tana can, tafiyar da jaki zai yi kafin azahar, amma ta fi Makka nisa. Dole na gangara Legas na sake zaɓe.

Guda biyu na samu. Ɗaya ƙarama ce. A takarda ta yi daidai da moton, kowa ya duba lambobin zai ce ban yi laifi ba. Amma injin leda ja-tsaya yake yi yini guda, kowane ja yana neman ninkin ƙarfi, ga zafin Illela. Ba za ta kai kaka ba sai ta kama da wuta. Irin wadda ka roƙe ni ke nan. Na riƙe ta a hannuna, Maccido, na daɗe ina juya ta, ina tuna rubutunka na hagu. Wallahi zuciyata ta ce in ɗauka.

Sai na tambayi kaina wa zai tsaya gaban injin ranar. Ba Alhaji ba ne. An ce abokin aikinka Malami aka ba gurbinka, mai 'ya'ya biyar. Sarbo kuwa ba ta mutuwa shiru, kafin ta ƙone sai ta yi hauka da moton. Na ajiye ta na ɗauki babbar.

Kada ka ce na fasa. Ramuwar da nake shirya masa ta fi wuta zafi, don wuta kan bar mutum da masu jaje. Ba zan rubuta ta ba, na ga abin da takarda ke yi a hannunka. Wannan ta gidan waya zan aiko, na daina ba direbobi.

Mukhtari

*

Illela,
12 ga Yuni, 1984

Malam Mukhtari,

Barka da shan ruwa. Muna nan da rai.

Tun Fabrairu ban ga takardarka ba. Na yi ta yi maka uzuri, na ce aiki ne, na ce hanya ce. Sai ran Talata ina tsaye bakin tasha na ga motar Alhaji, kai ne gidan gaba, ka sha sabuwar hula. Na ɗaga maka hannun da ya rage mini. Ka dube ni ido cikin ido, ka juya kana yi ma Alhaji dariya. Mutanen teburin shayi na kallo. Wani ya ce, "Maccido, ba ɗan'uwan naka ba ne wancan?" Da ƙasa ta tsage da na shige.

An ce kwana uku ka yi gidansa kana aune-aune, ana yanka maka kaji. An ce ka sayo masa na'urar da ta fi ta da girma da ƙarfi. Zabin da Ramatu ta ware maka na ce ta yanka mu sha ruwa da su.

Mi ya ba ka? Ba sai ka faɗa ba. Na dai gane jinin da ya ratsa kaka biyu ya riga ya zama ruwa.

To ka ji. Tun da anka rufe iyaka masu kai fetur Ƙonni sun rasa yadda za su yi da shi, ko'ina ga shi nan a jarka. Na samu galan guda, yana cikin rumbu ƙarƙashin dawa. Ka haɗa masa da kyau, ka goge, ka shafa mai. Sai ka gama zan zo, don in ƙona aikinka tare da nasa. Hagu ba ta iya rubutu mai kyau ba, amma ta iya ƙyasta ashana.

Maccido

*

Illela,
8 ga Yuli, 1984
Ta hannun Goggo Kubra

Taubashina,

Barka da salla, ina fatan kun yi lafiya. Ina cikin garinku, tsakanina da kai bai fi kiran salla ba, amma sai ta hannun Goggo zan iya yi maka magana. Ita kaɗai Alhaji ya yarda in je gaisarwa.

Takardarka ta azumi ta nuna mini tawa ta Afrilu ba ta zo maka ba. A ciki na gaya maka Alhaji ya ji abin da ka faɗa a teburin shayi, ya gindaya mini sharaɗin kada in kula ka. Dariyar da ka gani a mota, ita ce kuɗin shigata wurin nan. Ban taɓa yi maka alkawarin kashe injin ba, baƙin mai ne ya yi maka.

Ka ji abin da na tarar. Da na buɗe tsohon akwatin wuta, wayar da ka ce tana nan, ja ce, an murɗe ta da hannu a kan makunnin murfi. Sun maida murfi, sun manta da ita. Tana aljihuna yanzu. Wayar bayan moto kuwa da silin gashi guda take riƙe, kamar yadda na zata.

Na kwashe komai na sake daga farko. Sarbo na ɗaure ta a sama, na bar mata fili ta sha iska, na huda akwatin na sa fanka biyu da matacin ƙura. A ƙasa na girke taransifoma saboda janareton nan nasu marar kai. Ƙananan wayoyin da ke kai saƙo na raba musu hanya da manyan wayoyin wuta, don in sun jeru suna yi wa juna gulma, moto ya riƙa rawa. Na sa an haƙa rami an binne sandar ƙarfe da gawayi da gishiri, an ɗaure jikin injin da ita. Murfi kuwa makunni biyu na sa masa, masu gadin juna. In an ɗaura wa ɗaya waya, ɗayan zai tona, sarbo ta ƙi kama moto. Alhaji bai san wannan ba. Jiya mun gwada ba leda, rola na tsayawa cak kamar soja.

Yanzu maganar galan. Don Allah, don zumunci, ka bar shi inda yake. Mai gadi a cikin rumfar injin yake kwana. Kuma in wurin nan ya ƙone, rantsuwar Alhaji ta zama gaskiya har abada, Hindatu ta tashi daga ɗiyar ɗan ƙwaya ta koma ɗiyar ɗan fursuna.

Ran Asabar za a buɗe, da hantsi. Ya gayyaci wakilin hakimi da 'yan kasuwar Sakkwato, Limaminku ne zai yi addu'a. Ka zo. Ka tsaya bakin rumfa inda za ka ji magana. Abin da nake roƙo ke nan.

Mukhtari

*

Kaduna,
17 ga Yuli, 1984

Taubashina Maccido,

Gaisuwa da fatan alheri. Na iso gida lafiya, na tarar da kowa lafiya.

Ba ka zo ba. Na yi ta duban bakin rumfa har wuyana ya ƙage. Goggo ta ce ka karanta takardar ka ce daɗin baki ne, ka tafi Kalmalo wurin kawunka don kada ka ji guɗa. Ta ce Ramatu ta tono galan ta ba mai injin niƙa. Allah ya yi wa matar nan albarka. To tunda ka ƙi gani, sai ka ji.

Alhaji ya kafa rumfa, ya yanka raguna. Rufe iyaka ya raba shi da masu sayensa na Ƙonni, don haka duk ransa na kan 'yan kasuwar Sakkwato, su ya zaunar a gaba. Ni aka bar wa zaɓen nadin ledar da za a fara da shi. Na shiga sito na ɗauko mafi muni, wanda rana ta dafa ya yamutse. Da gangan na yi.

Liman ya yi addu'a, Malami ya danna koren maɓallin tada inji. Injin ya tashi lafiya, jaka na faɗowa kan jaka, tsawo ɗaya kamar an auna da zare. Aka yi ta masha Allah. Alhaji na gyara babbar riga. Can sai leda ta cushe. Malami ya ɗaga murfi, injin ya mutu murus. Ya zare, ya rufe, ya danna, aka ci gaba. Ba a jima ba ta sake. A ta uku wani ɗan kasuwa ya ce, "Alhaji, in haka yake tafiya, yaushe za ka cika mana mota?"

Alhaji ya juyo wurina. Ya ce, "Mukhtari, mi ke nan?"

Na ce, "Murfi ne, Alhaji. In an ɗaga shi sarbo sai ta saki moto."

"To ku cire shi!"

Malami ya dube ni, na ce ya bi umarnin mai gida. Ya kwance murfin ya jingine. Ya danna kore, shiru. Ya sake dannawa, shiru. Baƙi suka fara raɗa.

Na ce, "Ba zai tashi ba murfi ba, Alhaji."

Ya ce, "Ka ɗaura masa waya mana!"

Na ɗaga murya kamar ban ji ba, na ce, "Wace waya, ranka ya daɗe?"

Ya daka mini tsawa. "Wayar da anka ɗaura wancan karon! Shekara guda yana aiki ba murfi, mi ya same shi?"

Injin a mace yake, Maccido, babu ƙarar komai a rumfar. Muryarsa ta kai har wurin masu rabon nama. Na ga lokacin da ya ji abin da bakinsa ya faɗa. Leɓensa na ƙasa ya saki.

Liman ya miƙe a hankali, ya ce, "Alhaji Maliki, shekara guda ba murfi? Ba kai ka zauna zaurena ka rantse murfin na nan ba?"

Alhaji ya ce ba haka yake nufi ba, wai kafin nan ne, wai an maida. Sai na ciro jar wayar daga aljihu na sa a tafin hannun Liman, na ce a kan makunnin murfi na kwance ta makon jiya, ma'aikata na kallo. Liman ya juya wurin Malami. Malami ya sunkuyar da kai, ya ce, "Babu murfi ranar, Malam. Duk mun sani. Maccido ko goro bai cika ci ba." Sauran suka ce haka ne, ɗaya bayan ɗaya.

Wakilin hakimi ya tashi ya kakkaɓe riga ya fita, bai taɓa naman ba. 'Yan Sakkwato suka bi shi. Liman ya tsaya da wayar a hannu kamar an ba shi kunama.

Kafin la'asar an watso mini jakata waje, na kama motar yamma. Ban damu ba. Ba zan yi maka tawali'un ƙarya ba, na ji daɗi har cikin ƙashina, kuma har yau in na tuna leɓen nan sai in yi murmushi ni kaɗai a bakin aiki. Injin na nan lafiya, zai yi shekaru yana aiki, ma'aikata kuma sun ce ba mai ƙara tsayawa gabansa ba murfi.

Ka dawo gida. Ka fita kasuwa da rana tsaka.

Naka,
Mukhtari

*

Illela,
5 ga Agusta, 1984

Taubashina Mukhtari,

Assalamu alaikum. Muna lahiya, ina fatan ku ma haka. Ruwa ya yi ƙaranci bana, gero na neman ƙonewa, a taya mu addu'a. Ramatu ta ce in gaya maka zabi sun ƙare amma akwai 'ya'yansu. Takardarka ta Afrilu ta iso makon jiya, bayan ta Yuli, hatimin Argungu a bayanta. Na karanta ta, na ji kunya. Ka shafe abin da na rubuta cikin azumi.

Abu guda ke cin raina, ban ga fuskarsa ba. Na sa Malami ya ba ni labarin har ya gaji, kowane karo ina tsayar da shi wurin leɓen. Ji ba ya kai gani. Amma Allah ya ba ni tawa ranar.

Hakimi ya aika ma Alhaji ya zo ya nemi gafarata. Jumma'ar da ta wuce, bayan an sauko masallaci, sai ga shi ƙofar gidana da Liman da dattawan unguwa, ana jaye da rago. Rabin gari ya biyo su. Na bar su tsaye cikin rana har na gama cin tuwona, na wanke hannu, sannan na fito. Na kira Hindatu na ce ta tsaya kusa da ni.

Alhaji ya yi magana mai tsawo. Sharrin shaiɗan ne, tsoron hukuma ne, shi ma bai yi barci ba tun ranar. Na ce ban ji ba, ya ɗaga murya don na baya. Na ce ya faɗi ko na sha ƙwaya. Ya ce ban sha ba. Na ce ya gaya ma yarinyar ga, ba ni ba. Ya duƙa ya gaya mata. Liman na share hawaye da gefen rawani.

Sai Liman ya ce, "To alhamdu lillahi, ku yi musafaha."

Alhaji ya miƙo hannu. Na tsaya na warware ƙyallen da nake naɗe dungun da shi, a hankali, na ba Hindatu ta riƙe. Tabon bai yi kyan gani ba, Mukhtari, wuƙar ta ƙona har sama. Na miƙa masa. Ya ja baya, yana duban haguna.

Na ce, "Alhaji, ba a gaisawa da hagu."

Ya duba dama ya duba hauni, babu wanda ya cece shi. Ya kama. Tafinsa sanyi ƙalau. Liman ya fara addu'a, ka san shi da tsawaitawa, ni kuwa ban janye ba. Duk lokacin da ya so saki sai in ƙara tura masa. Haka ya riƙe har anka shafa.

Da za su tahi na ce su koma da ragonsu. Liman ya matso ya ce, "Maccido, ka yafe ke nan?" Na ce masa ran da hannun ya tsiro zan aiko a gaya musu.

Ka gaida Jamilatu da yara. Da babbar salla muna sa ido, gidana za ka sauka.

Naka,
Maccido